Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Maƙeran Injinan Gona

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Babban aikin da kwamiti ya sa a gaba bana shi ne ƙulla alaƙa da cibiyoyin da ke riƙe da harkar bincike da ƙirƙira. Kun san dalili. Mutum zai kwana ya wuni yana walda, ya ƙera injin casar dawa mai kyau, amma injin ya ƙare a bakin shago yana tsatsa, domin babu wanda ya gwada shi a hukumance, kuma banki ba ya ba da rance a kan yabon baki.

Mun kai ziyara Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922. Daga can ne waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa ya fito a 2019. Mu dai injina muka je gani. Mun dawo da darasi guda: a riƙa auna hatsin da injin ya fasa da wanda ya zubar a cikin ƙaiƙayi. Wani dattijo a cikinmu da ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma a bayan injinsa, ya tattara abin da ya zube, ya zuba a mudu. Shiru ya yi. Washegari ya sauya rariyar ya rage ƙarfin fankar.

Sai batun mallakar fasaha. Hukumar NOTAP ta gwamnatin tarayya, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, da aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira neman takardar mallaka, wadda a dokar 1970 take kare mutum shekara 20. Sharaɗin shi ne abin ya zama sabo. Don haka masu ɗora hoton sabon inji a Facebook tun kafin su shigar da takarda, a yi hattara.

Wasu matasanmu sun yi ta tambaya a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanoni ta 2022, wadda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwar zamani ta ƙasa, ke kula da ita. Mun karanta ta. Kamfanonin fasahar kwamfuta da intanet ta fi shafa, masu rajista, waɗanda ba su wuce shekara 10 ba. A ganin kwamiti, an bar mai guduma da ƙarfe a baya, alhali shi ne ke ƙera na'urar busar da tumatir da za ta rage asarar da manoman Kadawa da Kura ke yi duk kaka.

Inda muka gaza: takardar neman gwajin na'urar busarwarmu mai aiki da hasken rana tana wani ofis tun kafin azumi. "Ku dawo mako mai zuwa" kawai muke ji. Mu ma da laifinmu, zanen da muka haɗa da ita bai cika ba.

Za a sake zanen kafin taro na gaba. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji, domin da shi za mu biya mai zanen.

Wassalam,
Sakatare