Sanarwa: girkin tukunyar Mongoliya ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a gidan da muka saba, kuma wannan karon kowa shi zai dafa nasa. Girkin da ake dangantawa da Mongoliya ne, amma a arewacin Sin ya fi shahara, musamman Beijin, inda Musulmin ƙabilar Hui suka yi suna da shi. Ana ɗora tukunya a tsakiya, ruwan romo da citta da albasa mai lawashi suna tafasa, kowa ya tsoma naman rago ya tsame da zarar jan ya gushe, ya dangwala a miyar riɗi.

Masu kawo nama, don Allah ku sa shi a firiza ya ɗan daskare, sannan a yanka falle-falle siriri ƙwarai. Mai kauri ba ya nuna da wuri, sai layi ya taru. Muna buƙatar kabeji, awara, alayyafo da taliya, wadda ake zubawa a ƙarshe.

A tsakar gida za mu hura gawayin, hayaƙinsa a cikin ɗaki yana kisa. Kowa ya rubuta abin da zai kawo kafin Alhamis.