Yayana ya ce in bar dukanci in kama sayar da roba

Assalamu alaikum Malam, ina gaishe ka da aiki, da dukan masu sauraro. Daga unguwar Birni nake rubuto maka, nan Damagaram. Don Allah a sakaya sunana.

Jiya bayan magariba yayana ya ce da ni, a gaban Inna da matarsa, wai ni ba sana'a nake ba, wasa nake da fata. Ko tuwo ban iya ci ba.

Dukanci na koya tun ina yaro wajen kawunmu. Fatar akuya nake saye wajen majema, wadda aka jeme da bagaruwa, in yi jaka da zabira da kube, ɗinkin hannu da basilla. In na duƙufa kan aiki, sai kiran salla ke tashe ni. Da zan buɗe rumfa kusa da kasuwar Dole, Yaya ne ya ba ni jika 150. Da bakinsa ya ce taimako ne. Yanzu ya koma wai jari ya zuba, har yaronsa yake aikowa ya leƙa me na sayar.

Ciniki kam ya ja baya, amma laifina ne? Turawa masu yawon buɗe ido sun daina zuwa, sannan aka rufe iyaka da Najeriya a 2023, 'yan Kano masu sarin kayana suka ɓace. Da aka buɗe kuma naira ta faɗi, tayin da suke yi ko kuɗin fata bai kai ba. Shi so yake in cika rumfar da takalman roba da cajar salula, wai su ke tafiya. Ai na taɓa tsare masa butik, wuni nake ina hamma, da yamma ya ƙirga ciniki a gabana sai ka ce ɓarawo ya kama. Haka halinsa yake tun Baba na da rai.

Af, an sa mini ranar aure bayan babbar salla, kuma matar Yaya ta riga ta kai zancen rigimar nan gidan su yarinyar.

Malam, in raba rumfar biyu ne, roba a gaba, fata a baya? Tsorona kada in wayi gari ba ni da lokacin riƙe basilla. Ko in shiga adashe in mayar masa da kuɗinsa kowa ya huta? Inna ta ce in yi shiru, babba ne. To kuɗin da mutum ya ce taimako ne, a addini yana da ikon dawowa ya ce bashi ne?