Masaukin araha a Gwanzo: a duba taga da rajista kafin a biya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwa masu zuwa Caina saro kaya, musamman sababbin shiga, a kan maganar masauki a Gwanzo, saboda na ga mutane na ta asara a wajen nan kuma yawanci ba wani abu ke jawowa ba sai son araha ido rufe.

Ni ma haka na fara. Zuwana na farko wani dillali ne ya tare ni, ya ce yana da ɗaki mai sauƙi, na bi shi muka yi ta kutsawa lungu lungu har muka hau wani bene. Ɗakin ba taga ko ɗaya wallahi, warin taba ya kama labule da katifa, ga laimar garin nan da ko ka wanke singileti sai ya kwana biyu bai bushe ba. Ba ka sanin gari ya waye sai ka duba waya. Abin da ya fi tada min hankali shi ne ba wanda ya nemi fasfo ɗina, ni kuma a lokacin murna ma nake yi wai ba su da takura, ashe doka ce a Caina duk baƙo sai an yi masa rajista da 'yan sanda cikin awa 24. Otal na gaskiya su suke yi maka wannan a risefshan, su ɗau hoton fasfo da biza su shigar. To wanda bai tambaye ka fasfo ba, ai ka san inda ka kwana. Kwana biyu na yi na tattara kayana.

Inda nake sauka yanzu ƙaramin otal ne a kusa da unguwar Xiaobei, ba wani na alfarma ba, amma ɗaki fes, akwai esi, ruwan zafi a banɗaki, ana canza tawul kullum, ga butar lantarki ta dafa ruwa, wadda take da amfani sosai don ruwan famfo a can ba a shan sa sai an tafasa. Bambancin kuɗinsa da wancan ramin bai taka kara ya karya ba, kuma tafiyar 'yan mintoci ce zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 5. Wannan shi ne arahar a wajena, domin in ka sauka a bayan gari don ka rage yuwan (kuɗin Caina) kaɗan, kuɗin tasi ne zai cinye ragin har da ƙari, ga cunkoso, ga kasuwa ta tashi kafin ka iso. Abinci ma ba wahala a unguwar, Musulman Caina sun cika wajen da shagunan taliyar Lanzhou ta halal, ranar Juma'a kuma ba nisa zuwa masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda ake cewa nan kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake.

Sai maganar lokaci. Baje kolin Canton Fair da ake yi tun 1957 sau biyu ne a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba, kuma da ya gabato kuɗin ɗakuna sai ya yi tashin gwauron zabi a duk garin. In ba baje kolin ne ya kawo ka ba ka kauce wa makonnin nan, in kuma shi ne to ka kama ɗaki tun da wuri.

Ka riƙe rasit ɗin kuɗin ajiya da suke karɓa ranar shiga, da shi za a maido maka ranar fita, na taɓa yar da nawa sai da muka yi ta fama da ishara da fassarar waya kafin a gane ni. Ka kuma ɗau katin otal ɗin mai adireshi da rubutun Sinanci ka sa a aljihu, direban tasi ba ruwansa da Turancinka. WhatsApp da Google ba sa aiki a wayfay ɗinsu, ka yi shirinka tun kafin ka taso. Buta kuma ka zo da abarka, ban taɓa samu a banɗakinsu ba, gorar ruwa na yanke a zuwan farko.

In ka isa risefshan kada ka ji kunya, ka ce a nuna maka ɗakin tukuna, ka ɗaga labule da hannunka, don na taɓa ganin labule mai kyau an rataye shi a jikin bango.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani ɗan kasuwa mai bibiyar jaridarku