Rahoton Ayyukan Shekara: Injinmu na Tur Mai Kwamfuta da Iyakar Abin da Yake Iya Ci

Assalamu alaikum iyayenmu a sana'a, yayye da ƙanne, masu tur da masu walda na Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam, da ƴan'uwanmu na Mirya, Matamai da Magarya waɗanda nisa ke hana su zuwa kowane zama. Shugabannin ƙungiya sun ɗora mini nauyin rubuta abin da muka yi a shekarar da ta ƙare.

Zan fara da ta'aziyya. Mun yi rashin dattijon da ya koya wa da yawa daga cikinmu wasa haƙorin tur a kan dutse, wato bakin da ke yankan ƙarfe yayin da injin tur ke juya shi. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ƙungiya ta kai gudummawarta gidan. Zaman wata-wata ya gudana, ban da na watan azumi da muka ɗage. Kuɗin wata ya shigo, ko da yake akwai masu bashi, kuma ma'aji zai karanta lissafi da bakinsa ranar taro.

Abin da ya ci mana shekara shi ne injin tur mai kwamfuta da muka haɗa kuɗi muka saya na hannu. Tun watannin farko ƙorafi ya taso: injin ba shi da ƙarfi, gajiyayye aka sayar mana. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin na san yadda wasu suka matse cikinsu kafin su ba da nasu kason. Sai muka kira wani malamin koyon sana'a ya zauna da mu kwana uku, muka gwada injin a gaban kowa. Lafiyarsa lau. Mu ne ba mu san inda iyakarsa take ba, kuma iyakar ba ɗaya ba ce.

Ta farko girma ce. Takardar injin tana faɗin kaurin ƙarfen da zai iya juyawa bai taɓa gado ba, amma wanda haƙori zai iya yankawa bai kai haka ba, don keken da ke ɗauke da haƙora yana cin wuri. Wani ɗan'uwa ya ɗauko gangar birkin babbar mota a amalanke tun daga tasha. Ta shiga, ta juya sumul, haƙori ya kasa kai wa bakinta. Haka ya mayar da ita cikin rana. Akwai kuma tsawon da ke tsakanin mandaran, wato abin da ke damƙe ƙarfen yana juya shi, da madogarar baya mai tokare ɗaya ƙarshen, da faɗin ramin da sanda ke ratsawa ta cikin injin. Mun rubuta waɗannan awo uku a jikin bango. A auna kafin a ɗauko kaya.

Ta biyu ƙarfin motar lantarkin da ke juya injin ne, kuma a nan aka fi yin gardama. A jikin injin an rubuta kilowat 11, kowa ya riƙe wannan, ba wanda ya kula da 7,5 da ke gefensa. Babban adadin na ɗan lokaci ne, minti 30, sai motar ta huta. Ƙaramin shi ne abin da za ta bayar daga safe har yamma. Malamin ya yi mana lissafi a allo, zan maimaita shi don waɗanda ba su zo ba. A ce baƙin ƙarfe ne na yau da kullum, yana wuce bakin haƙori da gudun mita 200 a minti, zurfin ci milimita 3, haƙori na matsawa milimita 0,3 a kowane juyi. In ka ninka ukun za ka sami santimita kubik 180 a minti, wato wajen kilo 1,4 na ɓawon ƙarfe. Wannan yanka yana neman kusan kilowat 6 a bakin haƙori, bel da boris kuma suna cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar a hanya, ka ga an dawo 7,5 ke nan. Duk wanda ya sa zurfin milimita 5 da wannan gudu ya ga injin ya tsaya, to ya nemi abin da ba a yi masa alkawari ba. Alminiyom bai kai rabin wannan ƙarfi ba, inoks kuwa, wato farin ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ya fi baƙin ƙarfe nema.

Akwai wani abu da ya faranta ran dattawa. Don a sami wannan gudu na mita 200, ƙarfe mai kaurin milimita 100 yana juyi wajen 640 a minti, mai 300 kuma wajen 210 kawai. A irin wannan juyi na hankali motar injinmu ba ta ba da cikakken ƙarfinta, saboda ba shi da akwatin giya. Tsohon tur mai giya, wanda yara suka fara yi wa kallon kayan da, ya fi shi jan babban ƙarfe. Don haka muka tsaida shawara: a sassaƙe manyan kaya a tsohon, a kawo su sabon ya gyara awo ya yi laushi.

Ta uku riƙo ne. Ranar da muka yi sandar injin niƙa ina tsaye a wurin. Kaurinta milimita 40, an bar ta ta fito daga mandaran har milimita 300 ba a tokare ta ta baya ba. Da haƙori ya taɓa ta sai ta kama kuka mai shiga haƙoran mutum, jikinta ya fito da zane-zane kamar tsagar fuska, kafin yaron ya kai hannu maɓalli bakin haƙori ya ɓalle. Motar ko rabin ƙarfinta ba ta ba da ba a lokacin. Ƙa'idar da muka ɗauka ita ce, in abin da ya fito ya wuce kaurin sandar sau uku, a tokare. Sandar ƙwaƙular ciki ta ƙarfe kuwa, kada abin da ya fito daga mariƙinta ya wuce kaurinta sau huɗu. Sannan ina roƙon kowa, don girman Allah: wanda zai rubuta wa kwamfutar injin umarnin G96, mai riƙe gudun yanka daidai ko kaurin ƙarfe ya canza, ya fara rubuta umarnin G50 ya kayyade iyakar juyi. In ba haka ba, haƙori na kusantar tsakiya injin na ƙara gudu, bakin mandaran na sassautawa, ƙarfe na iya tashi sama. Ƙofar injin ba ado ba ce, a rufe ta.

Haƙoran karbir, wato masu tsananin tauri da ake ɗaura wa injin, daga Kano muke samo su, da tsada. Launin da ke bayan kwalin yana faɗin aikinsu: shuɗi na baƙin ƙarfe, rawaya na inoks, ja na zubi, kore na alminiyom da danginsa. Gudun da masu ƙera su ke rubutawa an gina shi ne a kan bakin haƙori guda ya yi wajen minti 15 yana yanka, kuma ƙara kashi 20 cikin 100 a gudu yana iya cinye rabin wannan. In ana son a cire ƙarfe da yawa, a fara da ƙara zurfi, sai matsawar haƙori a kowane juyi, gudu ya zo ƙarshe. Wani ɗan kasuwa ya sayar mana da kwali biyu na jabu a bana, mun yi asara, mun daina sayayya a wurinsa.

Sauran iyakar ta garinmu ce. Injin yana son wuta mai layi uku, volt 380, tsayayya. Da bazara in wuta ta yi ƙasa sai ya buga ƙararrawa ya tsaya da haƙori cikin ƙarfe, gurup ɗinmu kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar tashin motar. Zafi kan wuce digiri 40, akwatin wutar ya yi zafi. Ƙurar hunturu ta toshe matatar fanka sau biyu kafin mu sa yaro ya riƙa kaɗe ta duk Juma'a. Lokacin ƙarancin ruwa wani ya zuba tsurar ruwa a tankin sanyaya ba mai, gadon injin ya kwana ya yi tsatsa.

Yaran da muka ɗauka koyo sun ba mu mamaki. Yanzu suna duban ɓawon da ke zubowa su gane lafiyar yanka: gajere mai lanƙwasa alheri ne, dogo mai naɗewa kamar igiya haɗari ne. Sun yi wa masu lambu na Mirya sandunan famfo da hannunsu, ba a dawo da ko ɗaya ba.

Abubuwa uku ke jiran shawararku ranar taro: sayen na'urar daidaita wuta, yadda za a raba ranakun aiki tsakanin ƴan gari da masu zuwa daga nesa, da kuma ko mai aiki ne zai biya haƙorin da ya karye ko asusu. Masu bashin kuɗin wata su taho da shi. Allah ya kai mu lafiya.

Magatakardan ƙungiya, Damagaram