Zuwa ga kamfanin da ya haɗa mana intanet a Aboabo: suwic ɗinku yana zaune a 1970

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Amma ranar Alhamis da ƙarfe 3:40 na yamma na kira ofishinku karo na tara kan agogon na'urorin da kuka haɗa min da ba daidai yake ba, yaronku ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, intanet yana aiki ko ba ya aiki? In lokaci kake son gani, sayi agogon bango ka rataya." Ina jin wani yana dariya a gefensa, ya kashe waya. Na haifi wanda ya girme shi.

A watan Nuwamba kuka haɗa kaya a shagona na wayoyi: suwic biyu (akwatin da ake jona wayoyin kebul na na'urori a ramukansa), rauta mai rarraba intanet, kyamara shida da akwatin da ke naɗar hotunansu. Na biya sidi 18,500 ban nemi ragi ba, kuma duk wata ina tura sidi 400 ta Momo (tura kuɗi ta waya) na abin da kuka kira kulawa.

Cikin azumi aka shiga sito aka kwashe wayoyi 14 a kwalayensu. Kyamarar ƙofar baya ba ta ga komai ba, don an zare wayarta daga suwic, kuma daga nan take samun wuta. Ta gaba kuwa ta nuna yaron shagona yana fita da jaka, a ƙasan hoton an rubuta ƙarfe 4:05 na asuba. Da wannan hoton aka tafi da shi, ya kwana a hannun 'yan sanda. Maraya ne, shekara shida yana tare da ni. Washegari ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ya kalli allon, ya kalli wayarsa, ya ce, "Kawu, akwatin nan yana gaba da awa takwas. Agogon Sin ne a kansa." Ashe ƙarfe 8:05 na dare ne, yaro ya rufe shago zai tafi tarawihi, jakar kuma ta kayan buɗa-baki ce. Har yau ban iya haɗa ido da kakarsa ba.

Ɗan ƙanwar tawa ya ce kada in karaya, suwic yana rubuta duk ramin da aka zare wa wayar kebul da lokacin da aka zare. Sai da muka yi kwanaki muna roƙo kafin kuka turo wani ya buɗe mana, don kalmar sirrin tana hannunku. Rubutun yana nan: rami na 7, an cire, an mayar bayan minti 22. Kwanan wata, 2 ga Janairu 1970. Lokacin Busia yana firaministan Gana, ni kuwa ko makarantar allo ban shiga ba.

Abin da ɗan ƙanwar tawa ya fahimtar da ni shi ne irin wannan suwic ɗin ba shi da batirin da ke riƙe masa agogo. Duk sanda dumso ya zo, wato wuta ta ɗauke ta dawo, sai ya farka a farkon 1970 ya fara ƙirga daga nan. Tun daren satar kuma wuta ta ɗauke sau biyu, don haka ko lissafin baya ba zai yiwu ba. Maganinsa NTP, wato hanyar daidaita agogo ta intanet: a rubuta masa adireshin sabar lokaci (kwamfutar da ke riƙe da sahihin lokaci), ya riƙa tambayarta ta ƙofar sadarwa mai lamba 123 yana gyara kansa, a ɗora kyamarori da akwatin a kan saba ɗaya don bakinsu ya zo ɗaya. Gurbin adireshin fayau yake, na gani da idona. Batun yankin lokaci kuwa, wa ya kai mu sauƙi? Gana a kan GMT take, agogon da duniya ke auna lokaci daga kansa, rani da damina, ba a ƙara awa ba a ragewa, layin da ake auna shi ma ta garin Tema ya ratsa. Sifili kawai za a zaɓa. Aikin da bai kai shan shayi ba.

Ina so ku zo ku saita na'urorin duka a gabana, mu kashe wuta mu kunna in ga agogon ya dawo daidai. Ku ba ni kalmar sirrin kayan da na saya da kuɗina. Ku mayar min da kuɗin kulawa na duk watannin nan, ku kuma rubuto takarda da tambarinku cewa agogon ba daidai yake ba, in kai wa kakar yaron nan.

Ba ni kaɗai ba ne kuma. Na leƙa shaguna biyu a layinmu da kuka yi wa aiki, ɗaya yana gaba da awa takwas kamar nawa, ɗayan ma shekararsa daban. Kuna cire kaya daga kwali, ku jona, ku ga fitila ta yi kore, ku karɓi kuɗi, don kun ɗauka mutanen Zongo ba za su duba ba. Makarantu nawa da masallatai nawa kuka bari haka daga Asawase zuwa Sawaba?

Ina jiran ku zuwa Litinin bayan azahar. In ba ku zo ba, ni da ɗan ƙanwata za mu bi shagunan ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu, muna gwada agogo.

Naku,
Mai shagon wayoyi, Aboabo, Kumasi