A daina danne yara a kujerar likitan haƙori

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin jan hankalin iyaye da abokan aikinmu kan yadda ake taruwa a danne yaro a kujerar likitan haƙori, ko a ce sai an ba shi maganin barci. Yawancin yara ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin biyun.

Tsoron daga gida yake farowa. Uwar da ta saba cewa "in ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura" ta riga ta dagula aikin tun kafin a zo. Ita ma "ba zafi" a guje ta, domin da zarar ya ji ɗan tsunkuli ya daina yarda da kowa a ɗakin. A ce masa kawai za a je likita ya ƙirga haƙoransa. A kawo shi da safe, ya ƙoshi, ya yi barci. Zuwan farko kuwa ya kamata ya zama kafin ya wuce shekara 1, ba sai kogon haƙori ya hana shi barci ba. Yaron da ya fara ganin likita cikin ciwo, ciwon zai riƙa tunawa.

Ɗan ƙasa da shekara 3 ba a ɗora shi a kujera. Uwa da likita su zauna gwiwa da gwiwa, yaron na kan cinyarta yana fuskantarta, sai a kwantar da kansa a cinyar likita, ita kuma ta riƙe hannayensa. Zai iya yin kuka, ba komai, minti biyu sun isa a duba.

Daga shekara 3 zuwa sama, hanyar da likita Addelston ya bayyana a 1959 har yau ita ce ginshiƙi: a faɗa, a nuna, sannan a yi. A faɗa masa da kalmomin da zai gane, a gwada madubi da bututun tsotse miyau a tafin hannunsa, a taɓa masa buroshin inji a farcensa, sai a shiga baki da abu mafi sauƙi. Inda ake kuskure shi ne gaggawa: a tsallake nunin saboda layi ya yi tsawo, yaro ya firgita, a ɓata lokacin da ya ninka wanda aka so a rage. A kuma ba shi alamar tsayawa, wato ɗaga hannun hagu. In ya ɗaga, dole a tsaya. In aka saɓa sau ɗaya, alamar ta mutu.

Yabo ya zama na abin da ya yi: "madalla, ka buɗe baki sosai". Murya ɗaya ake so a ɗakin, ta likita. Uwa ta zauna inda zai gan ta, ban da tsawa, ban da alƙawarin alewa. Mai tsoro sosai, a bar shi ya kalli yayansa ana duba shi tukuna.

Toshe bakin yaro da hannu don ya yi shiru, ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka ta cire shi daga ƙa'idojinta tun 2006. Muna roƙon abokan aiki su bar shi. Ga kuma hanyar cike kogon haƙori da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, wadda ake kankare ruɓar da kayan hannu ba tare da inji ba, ƙarar injin kuwa tana cikin abubuwan da ke razana yara.

Wannan ba ya nufin a cire haƙori babu allurar kashe zafi. Lallashi ba ya maganin ciwo. Kuma in kumatu ya kumbura ga zazzaɓi, kada a tsaya jiran yaro ya saba, a kai shi babban asibiti a ranar.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar haƙori, Kano.