Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Haɗa Kayan Kiɗa daga Tarkacen Lantarki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana ƙwaryar kiɗa ce ta fi cin lokacinmu. Muna ciro faifan fizo, wannan ɗan tagulla mai farin tsakiya, daga matattun agogon ƙararrawa da muke saye hannun 'yan jari bola ranar kasuwar Wudil. A manna shi a cikin ƙwarya, a kife ta, duk wanda ya taɓa da yatsa sai sauti ya fita ta sifikar tsohuwar rediyo mai om 8. Abin ƙara sautin LM386 ne, wani ɗan guntun lantarki (IC) mai ƙafafu masu lamba: wuta a ƙafa ta 6, sifika a ƙafa ta 5 ta bayan kafasta mai 220µF. Shi kaɗai yana ninka sauti sau 20, in an sa kafasta mai 10µF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya kai 200. Mun gwada 200, kuka ya hana mu sakat, domin sifikar tana cikin ƙwaryar, fizon yana jin ta yana mayarwa. Da muka fitar da ita zuwa gwangwanin madara daban, kukan ya mutu. Masu liƙi kuma su kula: in ƙarfen liƙi ya wuce daƙiƙa biyu a kan farin tsakiyar, sai rufinsa ya ɓare, faifan ya tashi aiki.

Akwatin inuwa shi yara suka fi so. IC 555 ne mai samar da sautin, da rasista 1k, kafasta 0.1µF da idon haske, wato rasistar da ke canzawa gwargwadon hasken da ya same ta. Ka kawo hannu ka rufe idon, murya ta yi kauri. Ka janye, ta siranta. A ɗaki ya yi daɗi, amma da muka fito da shi rana tsaka sai tsuwa kamar gyare. Mun ƙara rasista 4.7k a jere da idon, muka cusa shi cikin bututun biro.

Asararmu mafi yawa daga batir take. Batirin 18650 guda ɗaya bolt 3.7 ne, LM386 kuwa ba ya aiki sosai ƙasa da bolt 4, shi ya sa wasu kayan ke shaƙewa. Yanzu biyu muke jerawa, bolt 7.4, ana cajin kowanne daban. Wanda ya kumbura ko ya sauka ƙasa da bolt 2.5 kada a kusantar da shi caja, yana iya kama wuta.

Ƙurar hunturu ta cinye maɓallan ƙara murya, damina ta sa tsatsa a mahaɗan waya, gara kuma ta samu akwatunan kwali. Mun koma katako da langa-langa.

Kwamiti ya hana ƙona waya don cire roba, kuma liƙin dalma a waje za a riƙa yi, a wanke hannu kafin cin abinci. Baɗi za mu gwada fizo a jikin gurmi da shantu. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taron bayan girbi.